Ciwon da Gwaji Ya Kasa Kamawa

Kukan iri ɗaya ne. Wuya na ciwo, kafaɗa na ciwo, baya da cinyoyi haka, wata da watanni. A kwana a tashi jiki a mace, ga mantuwa. A ɗebi jini, a ɗauki hoto, sakamako ya fito lafiya lau. Daga nan sai dangi su fara cewa raki ne ko lalaci, wasu su ce iska ce. Wannan shi ne faibromayaljiya, wanda ke damun mutum 2 zuwa 4 cikin 100, kuma mata sun fi yawa a cikin waɗanda ake ganowa. To, ina ciwon yake ɓuya?

Wanda aka fara zargi shi ne kumburi. A 1904 likita William Gowers na Ingila ya ɗora laifin a kan kumburin nama. An yi shekaru ana yanko tsoka ana dubawa, kumburin bai bayyana ba. Da wannan zargi ya rushe, likitoci da yawa suka koma cewa damuwa ce kawai ke cin mai ciwon. Wannan hukunci ya cutar da bayin Allah ba kaɗan ba.

Bakin zaren ya fito daga inda ba a zata ba, wato barci. A tsakiyar shekarun 1970, Harvey Moldofsky na Toronto a Kanada ya lura cewa barci mai nauyi na masu wannan ciwo a hargitse yake. Sai ya juya gwajin. Ya samo lafiyayyun matasa, yana katse musu barci mai nauyi da ƙara, dare bayan dare. Cikin 'yan kwanaki suka fara kukan ciwon tsoka da gajiya. Da aka bar su suka yi barcinsu, ciwon ya tafi. Ashe ana iya haddasa ciwon ba tare da an taɓa tsoka ba.

Hankali ya koma kan jijiyoyi. A 1994 Jon Russell a Amurka ya auna ruwan ƙashin baya, ya tarar sinadarin da ke isar da saƙon zafi ya ninka na lafiyayyu kusan sau uku. A 2002 Richard Gracely da Daniel Clauw suka sa marasa lafiya cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna danna musu farcen babban yatsa. Kusan rabin dannawar da ake yi wa lafiyayye ta isa ta kunna sassan jin zafi a ƙwaƙwalwarsu. Wato abin kamar lasifika ce da aka ƙure wa murya, ƙaramin motsi sai ya fito da amo. Mai cewa ƙarya suke yi ba shi da sauran hujja.

Shi ya sa magungunan kumburi irin su ibuprofen ba su cika tasiri ba. Waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su tsakanin 2007 da 2009, wato pregabalin, duloxetine da milnacipran, duk a kan jijiyoyi suke aiki, kuma ba kowa suke yi wa ba. A shawarwarin ƙwararrun Turai na 2017, motsa jiki kaɗai ya samu cikakken goyon baya, a fara da tafiyar 'yan mintuna a riƙa ƙarawa sannu a hankali, tare da gyara lokacin barci.

Saura tambaya ɗaya: me ya ƙure muryar tun farko? A 2021 masu bincike daga Landan, Libaful da Sitokholm suka tace sinadaran garkuwar jiki daga jinin marasa lafiya suka yi wa ɓeraye allura. Ɓerayen suka fara jin zafin dannawa da na sanyi, ƙarfin riƙonsu ya ragu. Waɗanda aka yi wa na lafiyayyu ko gezau. Da sinadaran suka fita daga jikinsu bayan 'yan makonni, sai ɓerayen suka warware.