Ruidoso, ƙauyen da hadari ke hana shi barci

A Ruidoso, wani ƙauye da ke cikin duwatsun jihar New Mexico a Amurka, haɗuwar hadari ta daina zama abin murna. Da zarar gajimare ya taru a kan dutsen Sierra Blanca a watan Yuli, sai uwa ta kira yaranta daga bakin rafi, mai shago ya duba wayarsa ko saƙon gargaɗi ya shigo.

Tushen abin gobarar daji ce guda biyu da suka tashi ranar 17 ga Yuni, 2024. An kwashe mutanen garin, gine-gine kusan 1,400 suka ƙone, mutum biyu suka rasu. To amma kashe wuta bai kawo ƙarshen masifa ba. Zafinta yakan narkar da maiƙon ganyaye ya shige cikin ƙasa, sai ƙasar ta daina shan ruwa kamar an shafe ta da kakin zuma. Ciyawa ta tafi, saiwa ta mutu, babu abin da zai tare ruwa. Ana iya sheƙa shi a can sama, cikin gari ko ɗigo ba a gani ba, sai ga shi ya gangaro da toka da laka da kututture. Ranar 8 ga Yuli, 2025 rafin garin ya haura ƙafa 20, ya ci mutum uku, biyu daga ciki yara ne.

Shi ya sa shiri ya zama aikin yau da gobe. Kafin zafi ana share busassun ganyaye daga rufi da tsakar gida, a rage itatuwan da suka matse gini. Kafin damina ana cika buhunan yashi, a yashe magudanai. Jakar takardu da magani tana kusa da ƙofa, mota da mai a cikinta.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙi. Abincin garin yana hannun masu yawon buɗe ido, yawancinsu daga Texas, kuma su ne suka fi son kwana dab da ruwa. Ɗan gari ya san hanyar hawa tudu ko cikin duhu. Baƙo bai sani ba. Ya kamata duk mai ba da masauki ya nuna wa baƙonsa wannan hanya tun kafin ya miƙa masa makulli.