Batagarawa: mutum nawa ne a cikin gari ɗaya?

A wannan makon mun ɗauko wata tambaya da ke fitowa a darasin labarin ƙasa: idan aka ce gari kaza yana da mutum kaza, su wa aka ƙidaya? Mun zaɓi Batagarawa da ke Jihar Katsina domin ta zama misali.

Batagarawa tana kudu da birnin Katsina, tafiyar kimanin kilomita 10. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutum 184,575 a ƙarƙashin wannan suna. Sai dai a lura, wannan adadi na ƙaramar hukumar ne baki ɗaya, wadda take ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar. Garin kansa hedikwata ne kawai, kuma yawancin waɗannan mutane suna zaune ne a ƙauyukan da ke kewaye da shi. Duk wanda ya rubuta wannan lamba a matsayin yawan mutanen garin ya yi kuskure.

To, yaya al'ummar irin wannan wuri take a jere? Ana farawa ne daga gida. Gida ɗaya mai zaure ɗaya kan ƙunshi sassa da yawa: maigida da matansa, 'ya'yansa maza da suka yi aure, da jikoki. Idan suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, ana cewa suna gandu. Gidaje su ne ke haɗuwa su zama unguwa a hannun mai unguwa. Unguwanni da ƙauyuka suna ƙarƙashin dagaci, dagatai suna bin hakimi, shi kuma hakimi yana bin Sarkin Katsina. A gefen gonaki kuma akwai rugagen Fulani makiyaya da ardonsu. Sannan ga baƙi da suka zo neman abinci ko ilimi: ma'aikata, 'yan kasuwa, almajirai, da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke cikin yankin.

Abin da ya sa muka zaɓi Batagarawa shi ne, an taɓa bin ta gida-gida. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a garin a shekarar 1967, ta kuma fitar da littafi a kansa a 1972. A lokacin mutanen garin ba su kai dubu biyu ba. Ta nuna cewa ko a ƙaramin gari manoma ba ɗaya suke ba: akwai masu hatsin da zai kai su wata kakar, akwai waɗanda rumbunsu kan ƙare tun damina ba ta yi nisa ba, sai sun yi ƙodago a gonar wasu. Lamba ɗaya ba za ta taɓa nuna mana wannan bambanci ba.

Ƙidayar mutanen karkara tana da wuya saboda dalilai uku. Na farko, ana lissafa mutum ne a inda aka same shi, ga shi ƙidayar 2006 an yi ta a watan Maris, lokacin da samari da yawa kan tafi ci-rani. Na biyu, makiyaya suna tashi da shanunsu neman ruwa da ciyawa, ruga ta yau ba lallai a same ta gobe ba. Na uku, tsoro ne da aka gada. A da, idan aka zo rubuta sunaye, haraji ne ko jangali ke biyo baya, don haka wasu kan ɓoye 'ya'ya da dabbobi. Gwamna Balarabe Musa ya soke waɗannan kuɗaɗe a 1979, lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, amma har yau wasu tsofaffi ba su saki jiki da mai biro da takarda ba.

Wata matsalar ita ce tsufan lissafin. Nijeriya ba ta sake yin ƙidaya ba tun 2006, wadda ta ba da mutum 140,431,790, kuma an ɗage wadda aka shirya yi a 2023. Duk ɗaliban da ke karanta wannan allo an haife su ne bayan waccan ƙidaya, wato babu ko ɗayanmu a cikinta. Idan jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara, sukan ninka cikin kimanin shekara 23. Ku yi lissafin da kanku ku gani.

Me ya shafe mu? Da yawan jama'a ake duba inda za a gina azuzuwa, yawan malaman da za a tura, allurar rigakafin da za a kai, da ƙauyen da zai samu rijiyar burtsatse ko ƙaramin asibiti. Ƙauyen da ba ya cikin lissafi, da wuya a tuna da shi ranar rabo. Ajin da aka gina don yara arba'in ya koma ɗaukar ɗari, wani lokacin daga nan matsalar ta faro.

Ga ɗan aiki gare mu. Kowa ya ƙidaya mutanen gidansu, har da wanda ya tafi ci-rani, ya kuma tambayi iyayensa ko ƙannensa suna da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda ba shi da ita, a tunatar da Baba ya je a yi masa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.