Kalamkari: Darasin alƙalamin Indiya ga marina da maɗinkan ƙasar Haɗeja

Bahaushe ya daɗe da sanin Indiya ta hanyar fina-finanta, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a kudancin ƙasar akwai wata tsohuwar sana'a da sunanta ya fito daga tushe ɗaya da wata kalma tamu ta yau da kullum. Ana kiranta Kalamkari. "Kalam" ita ce alƙalami, kalmar da mu muka aro daga Larabci, su kuma ta iso musu ta bakin Farisawa, "kari" kuwa na nufin aiki. Ke nan Kalamkari aikin alƙalami ne, sai dai a kan tufa ake yin sa maimakon takarda ko allo. Ina so mai karatu ya biyo ni mu dubi wannan sana'a, domin a cikin tarihinta akwai magana da ta shafe mu kai tsaye, mu mutanen Malam Madori da sauran ƙasar Haɗeja.

Cibiyar sana'ar ita ce garin Srikalahasti a Jihar Andhra Pradesh, a bakin Kogin Swarnamukhi. Tun asali masu zanen suna yi wa gidajen bautar Hindu aiki ne. Sukan shimfiɗa doguwar tufar auduga su zana labaran Ramayana da Mahabharata, manyan littattafan hikayoyin addininsu, jeri bayan jeri, tare da ɗan rubutu da ke bayyana kowane hoto. A rataye tufar a bango, wanda bai iya karatu ba ya bi labarin da ido. A Jihar Odisha ma akwai irin wannan zane da ake kira Pattachitra, wanda ya taso a kewayen gidan bautar Jagannath na birnin Puri, inda duk shekara akan killace gumakan har kwana 15, a rataye zanensu na tufa a madadinsu.

Na san wani zai ce me ya haɗa Musulmi da zanen allolin Hindu? Babu abin da ya haɗa mu da abin da suke zanawa, kuma ba shi nake tallatawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne kayan aikin. Da gawayin itacen tsamiya suke fara shata zanen. Baƙar tawadarsu da tsatsar ƙarfe da mazarƙwaila ake jiƙa ta har ta tsima, kusan yadda dukawanmu ke haɗa kuloko. Ja kuwa sai an shafa alif, wanda muke sa wa ruwa ya kwanta, sannan a dafa tufar da saiwar wani tsiro. Shuɗinsu baba ne, ɗan uwan wanda marinanmu ke zubawa a karofi. Alƙalamin da gora ake feƙe shi, a naɗa masa ɗan tsumma da zai riƙe tawada. Kafin a fara sai an jiƙa tufar a madarar ɓauna da 'ya'yan wata bishiya mai ɗaci, wadda ke yi musu aikin da bagaruwa ke yi wa majema. Bayan kowane launi a kai ta kogi a wanke a ruwa mai gudu. In ban da ɓauna, babu ko ɗaya cikin waɗannan da ba a samun sa ko makwafinsa a fadamar Kogin Haɗeja.

Akwai kuma wani reshe na sana'ar a garin Machilipatnam da ke bakin teku. Can ta bunƙasa ne a ƙarƙashin sarakunan Musulmi na Golkonda, kuma saboda masu sayen Farisawa ne da sauran Musulmi, sai masu aikin suka koma zanen furanni da ganyaye da siffar mihirabi, har da dardumar salla. Fasahar ɗaya ce, abin da ake zanawa ne ya bi aƙidar mai saye. Wannan ya isa hujja cewa dabarar hannu ba ta wani addini ba ce.

Mu ma muna da namu aikin alƙalami a kan tufa, mun dai daina kallonsa da wannan ido ne. Kafin allura ta taɓa babbar riga, sai mai zane ya ɗauki alƙalami da tawada ya shata aska biyu ko aska takwas, da tambari da dagi, sannan maɗinki ya bi sawun zanen da zaren tsamiya ko alharini. Da yawa daga cikin masu zanen malaman allo ne da gardawa, hannun da ya ƙware a zayyana shi ne ke ƙawata gaban riga. Wani Bature mai suna David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi digirinsa na uku a kan ɗinkin tufafin Hausawa, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. A ɓangaren rini kuwa, lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana kai tufar da aka saƙa aka rina a can har Timbuktu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana nan, amma yawancin karofinta sun bushe.

Abin da ya ci sana'armu shi ne ya so ya ci tasu. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, noman baba ya durƙushe a Indiya, daga baya guguwar ta iso mana. Yadin inji mai araha ya cika kasuwa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 masu Kalamkari na Srikalahasti sun kusa ƙarewa. Bambancin shi ne abin da aka yi bayan haka. A 1952 gwamnatin Indiya ta kafa hukumar kula da sana'o'in hannu ta ƙasa, wadda wata mata mai suna Kamaladevi Chattopadhyay ta jagoranta. A 1957 hukumar ta buɗe makarantar koyar da Kalamkari a Srikalahasti, ta ɗauko ɗaya daga cikin tsofaffin gwanayen da suka rage, Jonnalagadda Lakshmaiah, ta ba shi ɗalibai. A 1999 kuma Indiya ta yi dokar da ke kare sunan duk wani kaya da ya shahara da garinsa, ta yadda wanda ya buga kwaikwayo a inji ba shi da ikon kiran sa da sunan na asali. Kalamkari da Pattachitra duka sun sami wannan rajista, kuma yau ana ɗinka su a tufafin zamani ana kai su Turai da Amurka.

Mu kuma fa? A 1957 ɗin nan aka buɗe masaƙar Kaduna, muka zuba fatanmu duka a kan inji, muka bar masaƙi da marini da mai zane su ji da kansu. Masaƙun sun rufe, sana'ar hannun kuma ta rame. Yau wanda ya shiga Kantin Kwari zai ga yadin Sin da aka buga wa zanen rininmu, ana sayar mana da kwaikwayon abinmu. Ɗinkin kwamfuta yana gama gaban riga cikin sa'o'i, aikin da hannu ke ɗaukar watanni, kuma matasa da yawa suna sanye da aska takwas ba su san sunanta ba.

Malam Madori gari ne da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya raya tun daga 1930, ya saba da tura albarkatun ƙasa ɗanyu zuwa wani wuri. Da gyaɗa ce, yau riɗi ne da zoɓo da shinkafa. Ba na cewa rini da ɗinki za su maye gurbin noma. Amma a fadamar da ambaliya kan share gona a dare ɗaya, sana'ar da ake yi a zaure ba abin rainawa ba ce, musamman ga mata da almajiran da alƙalami ya riga ya zauna a hannunsu.

Shawarata guda uku ce. Ta farko, Masarautar Haɗeja da ƙananan hukumominta takwas su ƙidaya tsofaffin marina da masu zanen riga da masu zayyana da suka rage, a ɗauki bayaninsu da hoton kowane zane da sunansa. Ta biyu, Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja su ɗauki irin waɗannan dattawa su koyar a biya su, ba tare da an tambaye su takardar shaida ba. Ta uku, wakilanmu a Majalisar Tarayya su tsaya a kan dokar da za ta kare sunayen kayanmu, irin su rawani ɗan Kura da saƙi. Mu masu saye kuma, ko riga ɗaya ta aikin hannu mutum ya ɗinka don Sallah, ya ba wani maɗinki dalilin koya wa ɗansa.

Indiyawa sun yi sa'a sun farga a lokacin da gwaninsu yake da rai. Namu gwanayen suna nan a zaurukan Haɗeja da Auyo da Malam Madori, amma shekaru sun ja, ido ya fara rauni. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, sai dai dole a neme ta tun tana cikin tulu. Allah Ya sa mu farga da wuri.