Bayan Warkewa daga Sankarar Mama: Bibiyar Zuciya da Sukarin Jini

Sankarar mama ita ce cutar dajin da ta fi yawa a tsakanin matan Nijeriya, kuma ƙiyasin cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu fama da ita fiye da 32,000 a ƙasar. Yawancin abin da ake faɗa a kan cutar yakan tsaya ne a kan gano ta da wuri da kuma tsadar magani, ba a cika waiwayar matan da Allah Ya ba su lafiya ba. A Tsiga da ke ƙaramar hukumar Bakori, da sauran garuruwan noma na yankin Funtuwa da Malumfashi, macen da aka yi wa aiki ta kuma kammala allurai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika takan koma gida ana yi mata barka da arziki, ita da danginta suna ganin an rabu da asibiti ke nan. A wurin likitoci kuwa, a lokacin ne ake shiga wani sabon mataki, domin magungunan da suka ceci ranta suna iya barin rauni a zuciya, su kuma share wa ciwon sukari hanya.

Daga cikin alluran kashe ƙwayoyin daji da ake kira kemo, akwai dokzorubisin, wani jan ruwa da ake sa wa mara lafiya ta jijiya. Maganin yana da ƙarfi a kan cutar, amma yana lahanta naman zuciya, kuma lahanin yana ƙaruwa ne gwargwadon jimillar abin da mace ta karɓa a tsawon rayuwarta, wanda ya sa likitoci ke ƙayyade iyakarsa. Raunin na iya ɓoyewa shekaru kafin ya bayyana a matsayin gazawar zuciya, wato halin da zuciya ke kasa harba jini yadda jiki ke bukata. Wani maganin, tarastuzumab, wanda ake bai wa masu nau'in sankarar da ake kira HER2, shi ma yana rage ƙarfin bugun zuciya, sai dai sau da yawa zuciyar takan farfaɗo idan an lura da wuri aka dakatar da shi.

Gashin da ake yi da na'ura bayan tiyata yana da nasa tasirin, musamman idan maman hagu ne, saboda zuciya tana kwance a bayansa. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan mata fiye da 2,000 a Suwidin da Danmak ya gano cewa haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya yana ƙaruwa daidai da yawan hasken da ya taɓa zuciyar, kuma yana ci gaba aƙalla shekaru 20 bayan gashin. Na'urorin yanzu sun fi na da iya kauce wa zuciya, amma haɗarin bai gushe gaba ɗaya ba.

Ta fuskar ciwon sukari da jijiyoyin jini, hanyoyin suna da yawa. Dekzametason da ake haɗawa da kemo don hana amai yana ɗaga sukarin jini, kemo kuma yakan tsayar da al'adar mace tun kafin lokacinta, ta rasa kariyar da sinadarin mata ke bai wa jijiyoyin jini. Daga nan sai ƙwayoyin da ake sha shekara 5 zuwa 10 don hana cutar dawowa: tamoksifen yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, letirozol da ire-irensa kuwa suna iya ɗaga kitsen jini da ake kira kolastarol. Idan aka haɗa da ƙibar da ke biyo bayan dogon kwanciya, da yadda dangi ke hana mai jinya ko da ɗaukar tsintsiya saboda tausayi, sai a ga yadda hawan jini da sukari ke samun wurin zama.

Yankin Funtuwa da Malumfashi yana da dalili na musamman na ɗaukar batun da muhimmanci. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka bayyana yawaitar ciwon zuciyar bayan haihuwa a tsakanin matan Zariya da Malumfashi, inda suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai zafi, yayin da binciken da aka yi daga baya a Kano ya ƙara jawo hankali ga talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ma'anar wannan ita ce, macen da ta haihu sau da yawa, ko ta taɓa kumburi da haki a lokacin jego, tana iya shiga kemo da zuciyar da ta riga ta gaji. Wajibi ne ta faɗa wa likita wannan tarihin tun kafin allurar farko.

Gwaje-gwajen da ake bukata ba su da yawa, kuma mafi yawansu ba sa bukatar doguwar tafiya. Awon hawan jini ana yin sa a asibitin sha-ka-tafi, an kuma fi son a ɗaura ma'aunin a hannun da ba a yi wa aiki a hammata ba; idan awon ya kai 140 bisa 90 a lokuta daban-daban, to hawan jini ne. Gwajin sukari ana yin sa da safe kafin karyawa, kuma 126 zuwa sama, idan an maimaita an samu haka, yana nuna ciwon sukari. Akwai gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin sukarin watanni 3, amma yakan yi kuskure ga masu sikila da masu ƙarancin jini. Gwajin kitsen jini ya dace a nema a manyan asibitoci irin na Funtuwa da Malumfashi, hoton zuciya na eko kuwa, wanda ke nuna ƙarfin bugunta, an fi samun sa a asibitocin koyarwa na Shika da Katsina da Kano. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar a 2022 ta tanadi a yi wannan hoto kafin fara magani mai taɓa zuciya, a maimaita duk wata 3 ga mai karɓar tarastuzumab, sannan a duba hawan jini da sukari da kitse kowace shekara bayan an gama.

Babban giɓin da ke akwai shi ne na bayani. Jami'in lafiyar da ke Tsiga ba zai san abin da zai nema ba idan bai san maganin da aka bai wa mace a Shika ba, saboda haka ya kamata kowace mai jinya ta nemi takardar da ke ɗauke da sunayen allurai da adadinsu da ɓangaren da aka gasa, ta adana ta kamar katin rigakafin yara, ta riƙa nuna ta duk inda ta je. Haka kuma ya kamata iyali su san alamomin da ba a jira da su: haki a tafiyar da a da ba ta gajiyar da mace, kasa kwanciya sai da matasai da yawa, kumburin ƙafa, faɗuwar gaba, yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare.

Sauran aikin yana hannun gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin rana ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, lissafin da ya haɗa da dunƙulen miya, ta kuma nemi motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wanda tafiya da ayyukan gida ke iya cikawa. Rage sukari a koko da fura, da barin lemon kwalba, da yawaita wake da zogale da rama, duk abubuwa ne da manomi ke da iko a kansu. Iyalin da suka sayar da masara da dabbobi don biyan kuɗin kemo sun riga sun ɗauki nauyi mafi girma, kuma kuɗin awon shekara kaɗan ne idan aka kwatanta da jinyar gazawar zuciya. Abin da ya rage shi ne miji da 'ya'ya su sa ranar awon a cikin lissafinsu, asibitoci kuma su daina sallamar mace ba tare da rubuta mata lokacin dawowa ba.