Son zama matuƙin jirgin sama: abin da za a bincika kafin a biya makaranta ko dala

Duk shekara in sakamakon BAC ya fito, a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ba a rasa matasan da burinsu ɗaya ne: tuƙa jirgin sama. Tallan makarantu kuwa na ta yawo a Facebook da TikTok, da hoton saurayi cikin farar riga, igiyoyi a kafaɗa, da alkawarin zama matuƙi cikin wata 18. Sai dai kuɗin wannan karatu ba na aljihun mutum ɗaya ba ne. Sau da yawa fili ake sayarwa, ko garke, ko a dogara ga ɗan'uwan da ke aiki a waje. Kuskuren zaɓen makaranta kan iya cinye dukiyar gida baki ɗaya.

EAMAC ba ta horar da matuƙa

Da yawa na zaton makarantar EAMAC ta Yamai ce hanya. Makarantar, wadda aka kafa a 1963 kuma take ƙarƙashin hukumar ASECNA, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, masana yanayi da injiniyoyin na'urorin filin jirgi. Sana'o'i ne masu daraja, amma ba tuƙi ba ne. Mai son tuƙa jirgin fasinja sai ya duba waje: kwalejin NCAT ta Zariya da aka kafa a 1964, ko ta Ilori, duka a Najeriya, makarantar kamfanin Ethiopian Airlines a Habasha, makarantun Afirka ta Kudu irin su 43 Air School, ko na Turai da Amurka.

Likita kafin makaranta

Kafin a tura wa kowa kuɗin rajista, a fara da gwajin lafiya mataki na ɗaya, wanda ba a samun lasisin tuƙin kasuwanci sai da shi. Likitan da hukumar sufurin jiragen sama ta amince da shi kaɗai ke yin sa: ido, kunne, zuciya, hawan jini, sukari. Gilashin ido ba lallai ya hana ba, amma kasa bambance launuka na iya rufe ƙofa, kuma akwai masu wannan matsala da ba su taɓa sani ba. Gara a gano haka da ƴan jakunkuna, da a gano bayan miliyoyi sun tafi. Gwajin kuma ana sabunta shi duk shekara.

Sai harshe. Hukumar jiragen sama ta duniya, OACI, ta wajabta wa matuƙan da ke ƙetare iyakoki mataki na 4 cikin 6 na Ingilishi. Wanda ya yi karatunsa da Faransanci, ya gyara Ingilishinsa tun yana gida. Koyonsa a cikin jirgin da ake biya awa-awa ba ƙaramar asara ba ce.

Wace ƙasa ce za ta ba da lasisin?

Makaranta koyarwa kawai take yi. Hukumar ƙasar da take ciki ce ke ba da lasisi. Don haka tambayar farko ita ce: ina takardar amincewar hukumar? A nemi lambarta, a tabbatar da ita wajen hukumar kanta, ba wajen dillali ba.

Lasisin Amurka, na Turai da na Afirka ta Kudu ba ɗaya ba ne. Kowanne yana aiki ne kan jiragen da ke da rajistar ƙasarsa, kuma sauya shi kan buƙaci wata jarrabawa da wani kuɗin. Mai niyyar dawowa gida aiki ya je hukumar ANAC ta Nijar tun kafin tafiya, ya tambayi sharuɗɗan amincewa da lasisin ƙasar da ya zaɓa. Ɗan ƙasarmu da ke zaune a Turai, mai takardun aiki a can, lissafinsa daban ne: lasisin Turai zai fi yi masa amfani.

Awoyi da farashi

A ƙa'idar OACI, lasisin farko na tuƙin kai da kai, PPL, na buƙatar awa 40 a sama. Na kasuwanci, CPL, awa 200 ne, ko 150 a tsarin karatu na bai ɗaya da hukuma ta amince da shi, kuma sai mai shekara 18. A kan wannan ake ƙara shaidar tuƙi da na'urori cikin gajimare ko hazo, da ta jirgi mai inji biyu. Wata makarantar kan tallata farashin CPL kaɗai, sauran sai ɗalibi ya isa ya ji labari.

A Turai cikakken karatu kan kai Yuro dubu 100, wato sama da miliyan 65 na sefa. Makarantun Afirka galibi sun fi sauƙi, amma su ma maganar miliyoyi ce masu yawa. A nemi farashi a rubuce: akwai masauki, abinci, inshora, kuɗin jarrabawa? Nawa ne awa ɗaya in an maimaita darasi?

A kuma tambayi jirage nawa ne ke tashi a yanzu, ba waɗanda ke hoto ba, da yawan malamai da na ɗalibai. Ƙarancin jirage, tsadar mai da hazon hunturu na iya mayar da karatun wata 18 ya koma shekara uku, ga kuɗin haya na tafiya. Tsofaffin ɗalibai, waɗanda mutum ya nemo da kansa, su suka fi kowa sanin gaskiyar wannan.

Kada a biya gaba ɗaya

A 2023 makarantu biyu a Birtaniya, Tayside Aviation da FTA Global, sun durƙushe, ɗaliban da suka biya kuɗi tun gaba suka shiga tsaka mai wuya. In hakan ta faru a can, tana iya faruwa ko'ina. Ragin da ake yi wa mai biya lokaci guda bai kai girman wannan haɗari ba. A biya mataki-mataki, cikin asusun makaranta ba na wani mutum ba, kuma yarjejeniya ta fayyace abin da za a mayar in an hana biza ko karatu ya tsaya.

Bayan lasisi

Lasisi ba aiki ba ne. Sabon matuƙi kan fito da awa 200 ko ƙasa da haka, alhali babban lasisin da ake zama kyaftin ɗin jirgin fasinja da shi, ATPL, na buƙatar awa 1,500 da shekara 21. Kowane babban jirgi, irin su Boeing 737, na da nasa horo na musamman mai tsada, wanda wani lokaci matuƙin ne ke biya. Tun rushewar Air Afrique a 2002, guraben aiki a yankinmu suna hannun kamfanoni ƴan kaɗan, irin su ASKY na Lome da Air Côte d'Ivoire, kuma masu nema na da yawa.

Saboda haka duk makarantar da ta ce aiki tabbas ne, a ce ta rubuta, ta kuma faɗi inda ɗalibanta na bara suke yanzu. Wadda ta amsa waɗannan tambayoyi ba tare da kwana-kwana ba, ita ta cancanci a sayar da fili dominta.