Kapnogiraf: Ƙaramar Na'urar da Ke Tabbatar da Bututun Numfashi Ya Shiga Huhu

Hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa. Wanda ya yi mummunan hatsari a nan, galibi sai an garzaya da shi Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, tafiyar sa'o'i. Idan numfashinsa ya gaza, akan zura masa bututu ta baki zuwa hanyar iska. Matsalar ita ce hanyar abinci na daf da ita a baya. Idan bututun ya kauce can, ko gargadar hanya ta gusar da shi, iska za ta riƙa tafiya ciki maimakon huhu, kuma cikin 'yan mintuna ƙwaƙwalwa za ta fara lalacewa.

Sauraron ƙirji na iya yaudarar ko da ƙwararren likita. Ita ma na'urar da ake maƙalawa a yatsa takan makara, domin iskar oksijin ba ta sauka a jini nan take.

A nan kapnogiraf ke da amfani. Ana jona ta a bakin bututun, ta yi amfani da hasken infirared ta auna iskar kabon dayoksaid da huhu ke fitarwa, sannan ta zana layi mai hawa da sauka a allo. A jikin lafiyayye, adadin yakan tsaya tsakanin 35 zuwa 45 mmHg. Idan layin ya kwanta, a ɗauka bututun ba ya huhu.

Binciken NAP4 na Birtaniya a 2011 ya gano cewa rashin amfani da na'urar na da hannu a fiye da kashi 70 cikin 100 na mace-macen matsalar hanyar iska a sashen kulawa ta musamman. Ƙa'idojin PUMA na 2022 sun ce sai an ga layin a numfashi aƙalla 7 a jere kafin a saki jiki.

Tsada ce ta daɗe tana hana ƙananan asibitoci mallakarta. Yanzu akwai ta hannu: EMMA ta kamfanin Masimo na aiki da batirin AAA guda 2, ba ruwanta da ɗauke wuta. A 2023 kuma Lifebox da Smile Train suka fito da mai rahusa domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Ga masu sayo kayan asibiti a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, a duba abu uku: mai zana layi ba lamba kaɗai ba, ƙarfin batir, da sauƙin samun 'yan mahaɗan da ake canzawa.