Kafin Ka Tuge Danga Ko Ka Rushe Katanga

'Yan'uwa, a ƙauyukan masarautar Gumel ba kowa ke da takardar awon fili ba. Tsohuwar danga, layin aguwa ko tushen gamba su ne shaidar iyaka. Ranar da ka tuge su kai kaɗai, ka kawar da shaidarka da hannunka.

Saboda haka kafin ka taɓa shingen lambu, ko katangar da ruwan Agusta ya zubar, kira maƙwabcinka da mai unguwa. A kafa turaku a kowace kusurwa tun tsohon tushe yana nan, domin ƙasarmu rairayi ce, iskar bazara kan binne alama. A lura, bulo bai kai ginin ƙasa kauri ba, don haka a yi shawarar inda sabon layi zai bi kafin magini ya ja igiya. A nan ne rigima ta fi tashi, kuma taku ɗaya ma cin iyaka ne. Idan tare kuka yi shingen, kada ka cire sai da yardarsa. Mai lambu a bakin burtali kuwa, kada ya matsa ko kaɗan.

Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe fili a karkara, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar. Idan sulhu ya gagara, a je wurin dagaci, sannan hakimi, kafin a kai ga kotu.